Baƙuwa a Bakin Gulbi

Bayan ruwan gulbi ya janye daga Jiratawa,
ya bar laka tana tsagewa kamar kaushin manomi,
na tsuguna in ɗaure igiyar takalmina,
sai ga ta.

Tsayinta bai wuce taƙi ba.
Ganye mai gashi-gashi, toka-toka,
fure fari, ƙanƙane, ƙuda ma zai rufe shi.
Na ƙirga kunnuwan furen: huɗu,
biyu suna kallon biyu kamar mararrabar hanya.
Na sa gilashi a ido, na leƙa ciki,
zare shida a tsaye,
huɗu dogaye, biyu gajeru.
To, wannan ita ce tsagar gidansu.
Ko ba a faɗa ba, ƴar dangin kabeji ce da lansir.

Na tsinki ganye na tauna.
Barkono harshe yake ci,
wannan kuwa hanci ta bi, ta hau,
har idona ya kawo ruwa.

Tabawa ta zo wucewa da kwandon rama a ka.
Na ce, Inna, gasaya ce?
Ta sauke kaya, ta murza, ta shinshina.
"Gasaya yatsu biyar gare ta, ɗana.
Wagga ban san ta ba.
Tun ban yi haƙoran girma ba nike tsinka a fadamar ga,
ba mu taɓa gamuwa ba."
Rabe mai awaki ya ce nasa sun sunsuna sun wuce,
sai wata gurguwa da ke komawa kullum.

Na ciro uku har saiwa, na bar sauran.
Na kwantar da su cikin tsofaffin jaridu,
katako sama, katako ƙasa, bulo biyu a kai.
Kwana goma ina sauya musu shimfiɗa
kamar mai jinya.

A jami'a Malam Sanusi ya buɗe babban littafi,
wanda kyankyasai suka ci gefensa.
Littafin tambaya yake yi, ba ya gaisuwa:
kwasfar doguwa ce ko gajera?
Doguwa.
Je shafi na gaba.
Na tsaga ta da allura, ta rabu biyu,
ta bar tantani a tsakiya, siriri kamar ɓawon albasa.
Iri layi ɗaya ne ko biyu?
Ɗaya. Kowane da ɗan fiffike kewaye da shi.
Gashin ganye mai reshe ne?
Reshe uku.
Nan littafi ya yi shiru.
Ya san mai biyu, ya san mai tauraro,
mai uku da irin wannan kwasfa bai san ta ba.

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar.
Ya ce kada in yi murna tukuna,
sau da yawa baƙon wani gari
ɗan gida ne a wani.
Muka aika ɗaya Yamai,
wata ta haye teku cikin ambulan.
Wata tara.
Na ci wake da shinkafa a bakin ofis har mai abinci ta san ni.

Amsa ta zo layi uku:
gidan an san shi, ita ce ba a sani ba.
Ku raɗa mata suna, da Latin, kalma biyu,
ta fari ta dangi, ta biyu tata.

Na hau kabu-kabu na koma Jiratawa.
Mai gona ya nome wurin, albasa ta tsaya sahu-sahu.
Na bi bakin lambatu ina duba ƙasa
kamar wanda ya yar da kuɗin cefane.

Can ƙarshe, an kewaye wani wuri da ƙaya.
Guda bakwai, sun yi kwasfa.
Tabawa na zaune kusa tana gyaran rama.
Ta ce, "Ku wata tara ba ku yi suna ba?
Mu kwana bakwai muke yi.
Sa-hawaye muke ce mata.
Na jefa kaɗan a kwaɗo, jikokina sun sha kuka,
sun kuma miƙo kwano."

Na fito da takardata.
Gurbin kalma ta biyu yana nan fari.
Na tambaye ta yadda take son a rubuta Tabawa,
ta ce ita ba ta haifi ciyawa ba,
in matsa, ina taka mata rama.